Kafin ka zuba datarka a shirin da aka yanke: yadda ake tace maganar masoyansa

Duk wanda ya ce maka wani shirin ƙagen kimiyya da aka yanke, wato gidan talabijin ya daina yin sa tun labarin bai ƙare ba, "ba a taɓa yin irinsa ba", kada ka yi saurin danna waya. Tambaye shi zango nawa aka yi, kuma a ina labarin ya tsaya. Gyaran waya nake yi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma idan aka ɗauke wuta, rabin hirarmu da yaran shago a kan irin waɗannan shirye-shirye masu dogon zango take ƙarewa. Na lura mutumin da aka katse wa kallo yana tsaka da jin daɗi ba ya iya ba ka labarin shirin daidai. Haushin gidan talabijin ne ke cin sa, kai kuwa datarka da barcinka za ka kashe a kan maganarsa.

Bari in kama Firefly, tunda shi aka fi yi wa kuka. Joss Whedon ne ya ƙirƙire shi, tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shi a watan Satumba na 2002. An ɗauki fitowa 14, aka nuna 11, aka rufe shi a Disamba. Labarin mutum tara ne a cikin wani tsohon jirgin dakon kaya na sararin samaniya mai suna Serenity, a shekarar 2517. Kyaftin ɗinsu tsohon soja ne da aka ci ɓangarensu da yaƙi, ya koma ɗaukar duk lodin da ya samu, na halak da na fasa-ƙwauri.

Fara da binciko a jeren da mai ba ka ra'ayi ya kalli shirin. Fox ba ta soma da fitowar farko ba, wato doguwar nan ta awa biyu da ke gabatar da kowa da kowa. Sai a ranar 20 ga Disamba ta nuna ta, bayan an riga an sanar da yanke shirin. Saboda haka wanda ya kalla a talabijin a lokacin ya ce bai gane kan labarin ba, gaskiyarsa ce. Wanda kuma ya kalla a faifan DVD da ya fito a ƙarshen 2003, a jere yadda marubucin ya tsara, ya ce labarin tsaf yake, shi ma bai yi ƙarya ba. Kai dai bi jeren faifan. A nan akwai tarko: doguwar fitowar farko sunanta Serenity, fim ɗin da aka yi a 2005 don rufe labarin shi ma Serenity. Fim ɗin a ƙarshe ake kallonsa. Idan ka fara da shi, ka ɓata wa kanka komai, har da sanin waɗanda za su mutu.

Sai batun yabo. Duk yabon da ka ji an yi wa shiri mai fitowa 14, ka rage masa nauyi. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. Shirin da ya mutu a zangon farko bai samu lokacin lalacewa ba: marubuta ba su gaji ba, 'yan wasa ba su fara rigimar kuɗi ba, ba a shiga jan labari don cika lokaci ba. Abin da masoyansa ke yabo, rabinsa wanda suka gani ne, rabinsa wanda suke tsammanin da za a yi. Ni ina son Firefly, amma a cikin 14 ɗin nan akwai waɗanda ba zan maimaita ba.

To wane ra'ayi ne mai amfani? Wanda ya ambaci abu ƙwaya ɗaya da ido ya gani. Wani dattijo mai fataucin shanu a Oko-Oba, can Agege, ya kawo min wayarsa gilashi ya fashe. Ina ɗumama gefen gilashin in ɗaga shi, shi kuma ya zuba wa kwamfutata ido.

"Malam, waɗancan ba shanu ba ne a cikin jirgi?"

"Su ne, Alhaji. Lodinsu aka ɗauko daga wata duniya za a kai wata."

"Ikon Allah. To kashinsu fa, wa ke kwashewa?"

Ya gyara zama a kan benci, ya kalla har aka sauke shanun aka shiga ciniki da masu saye, ya ce shi da ya san wahalar tirela daga Potiskum zuwa Legas ya yarda marubucin nan ya san halin dako. Wannan magana ta fi "ba a taɓa yin irinsa ba" sau dubu, domin ta nuna maka abin da za ka tarar: ƙura, dawakai, bindiga mai harsashi, masu jirgi suna lissafin kuɗin mai. Wani yaron shagonmu kuma ya ce shi bai so shi ba, saboda babu halittun wata duniya ko ɗaya, kuma idan aka nuno jirgi daga waje a sararin samaniya ba a jin ƙara. Duka biyun haka suke a shirin, da gangan aka yi. Ƙorafin nasa ya yi maka aiki: idan dodanni da yaƙin jirage kake nema, ka san ba nan ba ne.

Kada ka manta ka tambayi ko ana iya kallo da iyali. Masoya ba sa kawo wannan da kansu. A Firefly ɗaya daga cikin mutanen jirgin sana'arta zama da maza masu kuɗi, kuma ana nuna hakan. Sense8 na Netflix kuwa ya wuce nan nesa, ba na falo ba ne ko kaɗan.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ko an rufe labarin. Yankewa iri-iri ce. Netflix ta yanke Sense8 a 2017 bayan zango biyu, masoya suka yi ca, aka ba su doguwar fitowa ɗaya a 2018 ta ɗaure bakin zaren. The Expanse kuwa tashar Syfy ta sake shi a 2018 bayan zango uku, masoyansa suka yi hayar ƙaramin jirgi ya riƙa shawagi da ƙyalle a saman ofishin Amazon a Santa Monica, Amazon ta karɓe shi ta kai shi zango shida, ya ƙare a 2022. Waɗannan shiga kanka tsaye. Amma shirin 1899, na mutanen da suka yi shirin Dark na Jamus, ya fito a Nuwamba 2022 da fitowa takwas, aka yanke shi a Janairu 2023, alhali zango uku suka tsara. Mintunan ƙarshe suna juya duk abin da ka ɗauka ka gane, suna buɗe sabuwar ƙofa, shi ke nan kuma. Idan kai mai kwana da tunanin labari ne, shawarata ka bar shi. Idan kuwa kyan hoto da ruɗani ke burge ka, bismilla, amma ka shiga da saninka.

Makin da ake bai wa shiri a IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, kada ya ruɗe ka. Yawancin masu komawa su ba da maki su ne waɗanda suka kai ƙarshe, wanda ya gaji a fitowa ta biyu ya tafi abinsa. Nemi bayanan masu ba da biyar ko shida cikin goma, su ne suka fi faɗin alheri da aibi tare. Duba kwanan wata kuma: abin da aka rubuta a makon da aka yanke shiri, zafin rai ya fi yawa a ciki.

Bayan duk wannan, gwada da kanka da araha. Sauke fitowa biyu kacal, a ƙaramin hoto, da datar dare. Cunkoson yamma daga Ikeja zuwa Agege ya ishe ka cinye ɗaya, sai dai ka nisanta wayar daga tagar danfo. Idan ka isa gida kana ƙagarar ta biyu, sauke sauran. Tabbatar kuma shirin yana nan a inda ka biya kuɗi, domin wani lokaci bayan yankewa har cire shi ake yi, yadda aka cire shirin Westworld daga manhajar HBO Max a Disamba 2022.

Saura masu cewa "ka kalla kawai, za a dawo da shi". Yakan faru. A 1968 wasiƙun masoya sun taimaka tashar NBC ta ƙara wa shirin Star Trek zango na uku, kodayake ta rufe shi a 1969. A 2007 masoyan shirin Jericho sun tura wa tashar CBS gyaɗa da danginta kusan tan 20, saboda kalmar "nuts", mai nufin gyaɗa da danginta, da aka faɗa a fitowar ƙarshe ta zangon farko. CBS ta miƙa wuya ta yi fitowa bakwai a 2008, masu kallo ba su ƙaru ba, ta sake yanke shi. Firefly kuwa shekara 20 ta wuce ba a yi masa zango na biyu ba. Kamfani yawan masu kallo yake ɗorawa a kan kuɗin da shirin ke ci, kuma ƙagen kimiyya akwai tsada.

Idan kana son kallonka daga Legas ya shiga wannan lissafi, sai ka kalla a manhajar kamfanin da rajistarka, tun shirin yana sabo, ka kuma kai ƙarshen zangon. Wanda aka tura maka ta Xender a bakin shago, ko mutum ɗari kuka kalla, babu wanda ya ƙirga ku.