Darasi na 7: Yadda Ake Gane Gargaɗi Mai Amfani

Fari da farin dango da ambaliya ba su san iyakar ƙasa ba. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini shi ne yake gangarowa ya cika kogin Neja a Mali, da Nijar, da Najeriya. Shi ya sa ƙasashe maƙwabta suke haɗa kai su kafa cibiyoyin sa ido. Akwai irinsu a Yamai, mai suna AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya addabi Sahel. Tana tattara ma'aunin ruwan sama da hotunan tauraron ɗan'adam, sannan ta faɗi yadda damina za ta kasance.

To, ta yaya za mu gane ko irin wannan cibiya tana rage asara? Kada mu tsaya ƙirga na'urori. Mu tambaya: gargaɗin ya iso da wuri? Ya shiga kunnen manomi da makiyayi cikin harshen da suke ji? Da suka ji, akwai inda za su nufa?

Dubi Somaliya. Cibiyar FEWS NET, mai sa ido kan alamun yunwa, ta yi ta gargaɗi tun 2010 cewa yunwa na tafe. Hasashen ya yi daidai, amma agaji ya makara, ga kuma yaƙi ya tare hanya. Sai a Yulin 2011 aka ayyana yunwa. Kimanin mutum 260,000 suka rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Abin takaici ne ƙwarai, domin an sani tun da sauran lokaci.

A Bangaladesh kuwa, guguwar teku ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Daga baya aka gina mafaka masu tsawo, aka horar da 'yan sa-kai. Su ne ke bin ƙauye-ƙauye a kan keke da lasifika a hannu, suna kiran jama'a su fito. Da guguwar 2007 ta zo, kimanin 3,500 ne suka rasu. Guguwa ta fi guguwa ƙarfi, gaskiya ne, amma wannan rata ba ta banza ba ce.

Aiki: Ku tuna gargaɗi na ƙarshe da kuka ji kan ambaliya ko fari. Wa ya faɗa muku, kuma kwana nawa kafin abin ya auku? Kowa ya rubuta jimla uku a kan matakin da ya ɗauka.