Darasi na 9: Wai giya kaɗan magani ce?

A fada, a tasha, har a saƙon muryar da ake turowa ta WhatsApp, akan ji wani ya ce likitocin Turai sun yarda kofi guda na giya a rana yana gyara zuciya. Hukuncin addini ba baƙo ba ne ga mutumin Maradi, malamai na faɗarsa kullum. Darasinmu na yau na lafiyar jiki ne.

Asalin maganar

Wajen shekarar 1991 aka shiga yayata cewa mutanen Faransa na cin maiƙo sosai, amma ciwon zuciya bai kama su kamar yadda yake kama Amurkawa ba. Wasu masana suka ce albarkacin jar giyar inabin da suke sha ne. An kuma yi ƙidaya a ƙasashe da dama, aka ga kamar masu shan kaɗan sun fi waɗanda ba su taɓawa tsawon rai.

Daga baya aka gano inda gizo ke saƙa. Cikin waɗanda aka rubuta a layin marasa sha akwai tsofaffin mashaya da ciwo ya tilasta wa bari, akwai kuma marasa lafiyar da likita ya hana. Dole layinsu ya fi yawan mutuwa. Masu shan kaɗan kuwa galibi masu hali ne, suna cin mai kyau, suna ganin likita tun ciwo bai yi nisa ba. Da aka tace lissafin, amfanin da ake faɗa ya ragu ƙwarai, a wasu binciken ma ya ɓace. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon giya da za a ce ba ya cutarwa.

Abin da take yi a jiki

Giya ta shiga ciki, ta bi jini, hanta ce ke fama da ita. Wajen narkar da ita hanta kan fara mayar da ita wani sinadari mai dafi, wanda ke ɓata ƙwayoyin halittar jiki. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke kawo wannan ciwo, sahu ɗaya da taba. Aƙalla iri 7 aka tabbatar, ciki har da na baki, maƙogwaro, hanta, hanji da nonon mata. Giya na kuma tayar da hawan jini. A ƙidayar hukumar lafiyar, mutum miliyan 2.6 ta yi sanadin mutuwarsu a 2019, wajen miliyan 2 daga ciki maza ne.

Mu a nan akwai ƙarin abin dubawa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta yi yawa a ƙasashenmu, kuma mutum kan yi shekaru da ita garau bai sani ba. Hantar da ke ɗauke da wannan kaya, in aka ɗora mata giya, ta fi saurin ƙeƙashewa. Sai an ga ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, a ce shawara ce ko sammu. Gwajin jini ɗaya a asibiti ya isa a san matsayi.

Nawa ne kaɗan ɗin?

Ma'auni ɗaya wurin likitoci shi ne giram 10 na tsantsar giya. Babbar kwalbar biya mai santilita 65, wadda aka rubuta 5% a jikinta, tana da wajen giram 26, wato ma'auni biyu da rabi. Hanta kuwa wajen ma'auni ɗaya take iya narkarwa a awa. Ɗan kabu-kabun da ya sha kwalba biyu bayan isha'i, jininsa ba zai washe ba sai dare ya raba. Shayi mai kauri, kofi baƙi, wanka da ruwan randa, ko ɗaya ba ya gaggauta aikin. Idonsa a buɗe yake, amma hannunsa ya rage sauri a kan birki, ga shi ya goyo ɗan mutane a hanyar Ɗan Isa.

Burkutu da giyar leda kuwa ba mai iya rantse wa ƙarfinsu. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas na Nijeriya saboda ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantarwa ko ya kashe.

Ku karanta biyu-biyu: hirar wani dattijo da malamar asibiti

"Malama, ni fa don gajiya nake sha, in samu barci."

"Baba, barcin yakan zo da wuri, amma tsakar dare sai ka farka, ko ba haka ba? Kana shan wani magani?"

"Tramol, in baya ya matsa."

"To, wannan haɗin na iya tsayar da numfashi mutum yana kwance. Haka mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da mai tuƙi, su ko ɗigo."

"In na yanke shawarar bari fa?"

"Wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke a dare ɗaya shi kaɗai. Jiki na iya kama rawa, gumi ya keto, wani har ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Ka zo mu tsara tare, sirrinka ba zai fita ɗakin nan ba."

Aikin gida

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: hanta, ma'auni, numfashi.

Su wane ne aka cusa a layin marasa sha har lissafin farko ya karkace? Amsa da jimla biyu.

A ce kwalba ɗaya dala 120 ce, mutum yana shan biyu kullum. Jika nawa ke nan a kwana 30? Tambayi farashin tiyar hatsi a kasuwar da ke kusa da kai, ka lissafa tiya nawa kuɗin za su saya.