Yadda ake yawon buɗe ido a dausayin Baturiya ba tare da an yi ɓarna ba

Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, kuma tun 2008 ta shiga jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Lokacin zuwa shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ambaliya ta janye, tsuntsayen Turai kuma suka sauka.

Da farko ka biya wajen ma'aikatan gandun daji ka nemi izini, ka gaida mai gari, a haɗa ka da ɗan gari ya yi maka jagora. Shi ya san inda ciyawar kachala ta rufe zurfi, da inda taɓo ke kama ƙafa har gwiwa. Kowane mutum ya riƙe ruwan sha lita 3, takalmi rufaffe, da buhu guda na shara.

Ka bi sawun da ka tarar. Babur ko mota in suka ratsa fadama mai danshi, sai su bar kwari, ruwan damina ya bi shi ya zaizaye ƙasa.

Tsuntsaye su ne abin lura sosai. In ka ga garken agwagin ruwa sun daina kiwo sun ɗaga wuya gaba ɗaya, ka matso da yawa. Tsaya, ka ja da baya a hankali. Duk tashin da suka yi a firgice yana ƙone kitsen da suke tarawa don ƙetare Sahara, kuma wanda ya tashi da rama ba lalle ya kai gida ba. Danko da tarko a bar su a gida, yara ma a gaya musu tun a mota.

Wuta kuwa, in ba dole ba kada a hura. In an hura, a share ciyawa taku uku ta kowane gefe, a yi amfani da busassun ƙirare da suka faɗi, kada a sari goruba ko kanya. Kafin tashi a zuba ruwa, a juya tokar, a kara hannu a ji ta huce. Iskar hunturu na iya tayar da garwashin da aka rufe da yashi kawai.

Bahaya a yi ta nesa da ruwa taku 70, a haƙa rami kamu ɗaya a binne. Fitsari a bakin ruwa shi ke yaɗa tsargiya, shi ya sa ba a wanka a ruwan da ke kwance. Ledar fiya wata duk a kwashe, domin saniya in ta haɗiye ta, cikinta ke toshewa.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a ɗaure da igiya. A kwantar da ƙafar kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.