Yadda ake tace abin da mutane ke rubutawa a fom don toshe kafar kutse

A ce kana gina shafin rajistar ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, fom ɗin yana neman suna, lambar waya da ƙaramar hukuma. Kowane akwati a ciki ƙofa ce, kuma ita mai kutse zai fara taɓawa.

Da farko ka tsara abin da za ka karɓa, ka ƙi duk saura. Lambar waya lambobi 11 ce masu farawa da 0. Ƙananan hukumomin Kebbi 21 ne, sai ka ajiye sunayensu, wanda ya turo wani abu daban a mayar masa. A sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, za ka yi wannan binciken, domin wanda ke cikin burauza, manhajar da mai ziyara ke buɗe shafin da ita, ana tsallake shi cikin sauƙi.

Kada ka dogara da jerin kalmomin da ka haramta, nan ne yawanci ake faɗuwa. Idan manhajarka tana goge <script> (alamar da ke sa burauza ta kunna umarni) sau ɗaya, mai kutse zai rubuta <scr<script>ipt>, ka goge na tsakiya, ragowar ta haɗe ta koma abin da ka hana. A 2005 shafin sada zumunta na MySpace ya hana kalmar javascript, sunan harshen umarnin da burauza ke kunnawa, wani mai kutse, Samy Kamkar, ya raba ta gida biyu da sabon layi, burauza ta karanta ta daidai, kafin awa 20 umarnin da ya rubuta ya shiga shafukan mutum sama da miliyan ɗaya.

Sai batun rumbun bayanai, wanda ya fi shafar mu saboda sunayenmu. Sa'adu, Isma'il, Rabi'atu, duk suna ɗauke da alamar ' wadda SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ke rufe zance da ita. Idan ka manna sunan kai tsaye cikin umarni, rajistar Sa'adu za ta lalace, wani kuma ya rubuta ' OR '1'='1 ya kwashe bayanan kowa. Wasu sukan hana alamar gaba ɗaya, wannan zalunci ne ga masu sunan, kuma ba ya rufe ramin, tunda kutse ta akwatin lamba ba ya buƙatar ta. A PHP, harshen rubuta manhajar sabar, ka yi amfani da PDO, hanyarsa ta magana da rumbun bayanai: ka rubuta umarnin da prepare(), ka sa ? a gurbin sunan, ka miƙa sunan ta execute(). Sunan tebur da ginshiƙin ORDER BY (umarnin jera sakamako) ba sa shiga gurbi, su sai ka zaɓo daga jerin da ka tanada.

Wajen nuna bayanin a shafi, ka bi da shi ta htmlspecialchars() tare da ENT_QUOTES da UTF-8, don < ta fito a matsayin rubutu, ƙ, ɗ da ɓ kuma su tsira.

Hoton fasfo kuwa, ka duba ainihin abin da ke cikin fayil ɗin, ka iyakance shi a misalin MB 2, ka sauya masa suna, ka ajiye shi inda sabar ba za ta kunna shi ba.

Kafin ka miƙa aikin, ka yi rajista da sunan Sa'adu, sannan da <img src=x onerror=alert(1)>. Idan akwatin saƙo ya faɗo a allo, koma wajen nuna bayanin ka gyara.