Yadda ake zana murɗaɗɗen zobe a manhajar Rhino

Murɗaɗɗen zobe shi ne wanda ake ganinsa kamar igiyar da aka tufka da sili biyu ko uku. Maƙerin fari yakan haɗa waya biyu ya murɗa su, ya lanƙwasa, ya liƙe bakin da wuta. A kwamfuta ma tsarin ke nan, sai dai lissafi ne ke sa baki ya haɗu da baki ba tare da an ga mahaɗa ba. Umarnin da ke nan na Rhino ne, manhajar zana siffofi na 3D, kuma suna aiki a MatrixGold, manhajar zana kayan ado, tunda a kan Rhino aka gina ta.

Fara da buɗe fayil na milimita, ka sa ma'aunin kuskurensa a 0.001. Za mu yi zobe mai lamba 7 a ma'aunin Amurka, wanda faɗin raminsa milimita 17.3 ne, da sili biyu, kowanne kaurin milimita 1.2.

Zana da'ira biyu masu faɗin 1.2, tsakiyar kowacce ta yi nisan 0.5 daga tsakiyar igiyar, ɗaya dama ɗaya hagu. Za ka ga sun shiga juna da 0.2. Da gangan ake yin haka. Idan silin suka taɓa juna kawai ba su shiga ba, BooleanUnion yakan ƙi haɗa su, kuma wajen zubi filastar da ake yin mazubin ƙarfe da ita, wadda ta shiga tsakaninsu, takan zama siririya kamar reza, ta karye idan narkakken ƙarfe ya bugo ta, gutsuren ya bar rami a jikin zoben. Haɗa da'irorin da CurveBoolean su zama layi ɗaya rufaffe, sannan ka ɗan tausasa kusurwa biyun da suka haɗu da FilletCorners, kamar 0.05. Kaurin igiyar gaba ɗaya ya zama 2.2.

A nan ne yawancin masu koyo ke yin kuskure. Tsawon igiyar ba a auna shi da ramin yatsa, da layin tsakiyar igiyar ake aunawa. Faɗin wannan da'ira shi ne 17.3 a tara da 2.2, wato 19.5, kewayenta kuma 61.26. Zana da'irar 19.5, ka tabbatar da kewayen da umarnin Length, sannan ka ja miƙaƙƙen layi mai wannan tsawo daidai daga tsakiyar siffar silin. Ja siffar da ExtrudeCrv zuwa ƙarshen layin. Wanda ya yi amfani da kewayen ramin, 54.35, zai samu zobe da ba ya shiga yatsa, ko kuma murɗi da aka ja ya miƙe fiye da yadda aka tsara.

Sai murɗi. Kira Twist, ka ba shi miƙaƙƙen layin a matsayin ginshiƙi, Rigid=No, Infinite=Yes. Wannan na biyun yana da muhimmanci: idan ka bar shi a No, murɗin yakan yi sanyi a bakuna biyu ya matse a tsakiya, kuma da an naɗe zoben wurin mahaɗar zai fito fili. Digirin da za ka rubuta dole ya rabu daidai da siffar: sili biyu, ninkin 180, sili uku, ninkin 120, waya mai kusurwa huɗu, ninkin 90. Ga wannan zobe rubuta 2880, wato zagaye 8. Kowane zagaye zai ci milimita 7.66, kuma ido zai ƙirga tudu 16 a kewayen zoben. Zagaye 6 yana ba da sakakken tufka, wanda ya fi sauƙin gogewa. Daga 12 zuwa sama kwarin da ke tsakanin tudun yana matsewa, datti da sabulu su riƙa taruwa a ciki, silin kuma ya sirance, domin Twist yana riƙe siffar ne a yankan tsaye, ba a bin jikin silin ba.

Yanzu kira Flow. Zaɓi igiyar, layin tushe shi ne miƙaƙƙen layin, layin da za a bi shi ne da'irar 19.5, Stretch=Yes, Rigid=No. Ka cire murafen bakuna biyu kafin Flow, in ba haka ba za su maƙale a cikin zoben a matsayin bango biyu a wuri ɗaya. Bayan an naɗe, yi Join, sannan ShowEdges don neman buɗaɗɗen gefe. Idan ya nuna zobe na haske a mahaɗa, ko digirin bai rabu daidai ba, ko Stretch yana kashe.

Akwai gajeriyar hanya ga mai son sili zagayayye sak: Helix da zaɓin AroundCurve a kan da'irar 19.5, zagaye 8, nisa 0.5 daga tsakiya, sannan Pipe mai faɗin 1.2. Sili na biyu kwafi ne da aka juya digiri 22.5 a kan tsakiyar zoben, rabin digiri 45 da kowane zagaye ke ci.

Tudun igiya yana danna yatsa, musamman a zoben da za a sa kullum. Maganinsa shi ne ka rage da'irar tsakiya zuwa 19.1, ka sake lissafin tsawo, sannan ka yanke ciki da silinda mai faɗin 17.3 ta BooleanDifference. Milimita 0.2 da aka shafe daga kowane tudu ya isa ya sa cikin ya kwanta.

Kafin ka tura aiki, duba girman jikin zoben da Volume don ka lissafa nauyi. Zoben farko, wanda ba a yanke cikinsa ba, yana kusan milimita kubik 133. Zinariya karat 18 tana da nauyin kusan giram 15.5 a kowane santimita kubik, don haka zai yi giram 2 da ɗan ɗoriya. A azurfa 925 kusan giram 1.4. Da wannan ake yi wa mai saye farashi tun kafin a narka komai.

Ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce, magagari da gogewa kuma suna cin kusan 0.1 daga jiki, shi ya sa bai kamata sili ya gaza milimita 1 a zane ba. Tambayi mai zubinka kashi nawa yake so a ƙara, domin kakin da ake buga samfurin zoben da shi da irin filastar sun bambanta daga shago zuwa shago. Fitar da fayil ɗin a STL, nau'in fayil da injin buga 3D ke karantawa, da raga mai laushi, nisan gefe daga fuska 0.005, don kada silin ya fito da ɓangarori. Hanyar zubi, wato inda narkakken ƙarfe zai bi ya shiga, a ɗora ta a kan tudu ɗaya, ba cikin kwari ba, inda magagari zai iya kaiwa.

Ka ajiye miƙaƙƙiyar igiyar da layukanta a wani shafi na fayil ɗin. Murɗaɗɗen zobe ba ya karɓar yanka da ƙari ba tare da tufkar ta ɓaci ba, don haka idan aka nemi lamba 9 sai a sake da'ira da tsawo, a ƙara rabin zagaye ko ɗaya don tsawon kowane zagaye ya zauna kusa da 7.66.