Robar Raba Wayoyin Filogi: Kurakuran da Masu Gyaran Tsoffin Motocin Amurka Ke Ta Maimaitawa

Na gaji da ganin abu guda. Mutum ya kashe kuɗi ya yi wa tsohuwar Mustang ko Camaro fenti, ya gyara kujeru, ya buɗe bonet yana murmushi, sai ka ga wayoyin filogi a cikin wata roba da ba ta da alaƙa da motar. Ina nufin 'yar robar nan mai kama da mataji, mai haƙora biyu, uku ko huɗu, wadda ke riƙe wayoyin don kada su haɗu da juna ko su kwanta kan bututun hayaƙi. Ƙarama ce, amma da ita ake gane wanda ya san motarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jera wayoyi bi da bi don su yi kyau. Ina da Mustang ta 1966 mai injin 289, wato injin Ford mai silinda takwas. Da na gama haɗa injin, sai na ɗauki wayoyin gefen direba na jera su bisa lambar silinda, 5, 6, 7, 8, a cikin robar, tsaf kamar layin sallah. A tsaye motar lafiya lau. Da na hau gada na taka totur, sai ta fara ƙwanƙwasa tana shiɗewa. Na kwance kafireto sau biyu, na canza kwantak, na sayi sabon koyil, sati uku ina fama. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi shekaru yana aikin injin Ford ne ya leƙo, bai ce uffan ba, ya zare waya ɗaya ya mayar da ita can ƙarshen robar. Ƙwanƙwasar ta ɗauke. Sai dai kafin nan fistin ɗin silinda ta 8 ya riga ya ji jiki, dole na sake buɗe injin da na gama haɗawa da hannuna.

Ga dalilin. Injin 289 yana ba da wuta ne a jere kamar haka: 1-5-4-2-6-3-7-8. Ka ga 7 da 8 suna bin juna, kuma maƙwabta ne a gefe ɗaya. Idan wayoyinsu suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa, wutar da ke bi ta 7 takan tayar da wata a cikin 8, sai filogin 8 ya kama tun fistin bai iso sama ba. Shi ya sa littafin gyara na Ford ya sa a jera su 7-5-6-8, wato 5 da 6 su shiga tsakani. A ƙaramin V8 na Chevrolet da na Chrysler, masu jerin 1-8-4-3-6-5-7-2, wayoyin 5 da 7 ne ba a haɗawa. A injin Ford na 351 Windsor kuwa, 6 da 5 ne. Don Allah ku daina gyara wa kamfani aikinsa da sunan tsafta! Abin da kuke gani kamar an hargitsa, da gangan aka yi shi. Ni yanzu ba na sa waya ko ɗaya sai na rubuta jerin wutar a takarda na manna a gilashin gaba.

Kuskure na biyu shi ne girman ramin da waya ke shiga a jikin robar. Motocin da ke da kwantak wayarsu milimita 7 ce. Da General Motors ya kawo tsarin HEI, wato tsarin ba da wuta marar kwantak, wanda ya game motocinsa a 1975, sai waya ta koma milimita 8, Ford ma ya bi sahu da nasa tsarin, Duraspark II, a 1977. To mai sayarwa zai ce maka robar "ta asali ce", kuma bai yi ƙarya ba, ta kamfani ce, amma ta motar 1978. Ka sa mata siririyar wayar 1966, tana lilo, ta zame ta kwanta kan manifol, wato bututun hayaƙin da ke jikin injin, ta ƙone. Ka tura mai kauri cikin ƙaramin rami, haƙorin ya karye ko ya tsaga fatar wayar. Ina yawo da guntun tsohuwar waya a aljihu duk lokacin da zan je kasuwar tsoffin kayan mota. In bai shiga da ɗan ƙarfi ya zauna daram ba, na ajiye musu kayansu.

Akwai masu ruɗuwa da lambar da ke jikin kaya. A kayan Ford, C na nufin shekarun 1960, D na 1970, don haka C5 shi ne 1965. Amma wannan shekarar da aka zana kayan ce, ba wadda aka ƙera shi ba, kuma yakan ci gaba da aiki a motocin shekarun da suka biyo baya. Haka sabon kaya da ya daɗe a kwalinsa: sau da yawa na canji ne da aka riƙa sayarwa daga baya, siffarsa ta ɗan bambanta da wanda aka sa a layin haɗa mota. Kwalin da aka rubuta Motorcraft, sunan kayan gyara na Ford, ma kaɗai ya isa ya gaya maka daga 1972 ne zuwa sama, kafin nan Autolite ne.

Masu raba wayoyi na alminiyam masu ƙyalli da ake sayarwa a shago, kamfani bai sa su ba. Ɗaure wayoyi dami guda da igiyar roba ya fi barin su sake muni. Kada ka kwaikwayi motar Corvette ta Chevrolet: jikinta ba ƙarfe ba ne, shi ya sa aka lulluɓe wayoyinta da garkuwar ƙarfe don kada su dami rediyo.

Sannan ka daina jefar da tsohuwar robar da ka ciro. Ko ta karye, ko mai ya rufe ta, ita ce shaidarka. Nakan ɗauki hoton kowace a mazauninta kafin in taɓa, in wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, in sa a leda in rubuta gefen da ta fito da adadin haƙoranta. Sai in ajiye ta kusa da zanen littafin haɗa motar na shekarar, in ɗora sabuwar a gefenta, in duba kaurin haƙora da yadda gindinta ke kama ƙarfen da ke kan murfin injin.