Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar bwat otomatik ga mota mai ƙarfin inji

Mai son motarsa ta yi ƙarfi yakan zuba kuɗinsa kan inji, ya sa turbo, ya canza kwamfuta, sai aljihu ya yi sauƙi sannan a tuna da akwatin giya, wato bwat. A lokacin duk wanda ya shiga ramin motar shi ake ɗaurawa. Ba a cika wata biyu ba motar ta fara zamewa tsakanin giya ta biyu da ta uku, man ya yi baƙi yana warin ƙuna. A Maraɗi abin ya fi saurin faruwa, domin zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ga rairayi da zarar ka sauka daga kwalta.

Lissafi da dawaki

Za ka ji ana cewa bwat kaza yana ɗaukar doki 500. Abin da ke karya bwat shi ne ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm (newton-mita), tare da nauyin motar da yadda taya ke kama ƙasa. Injin da ke ba da doki 400 a juyi 7,000 a minti yana murɗa kusan Nm 400 a wannan juyin. Wanda ke ba da doki 400 ɗin a juyi 3,500 yana murɗa kusan Nm 800. Dawaki ɗaya ne, amma na biyun zai cinye faifan kulocin da na farkon zai yi shekaru a kansu. Shi ya sa injin turbo da na gazuwal suka fi V8 (inji mai silinda takwas) marar turbo wahalar da bwat: ƙarfinsu yana zuwa tun juyi na ƙasa, kuma yana zuwa gaba ɗaya.

Gyaran kuskuren shi ne ka san Nm na injinka bayan duk ƙarin da za ka yi masa, ka nemi bwat da ya ɗara wannan adadi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu kamfanonin sun rubuta adadin a cikin sunan. ZF 8HP70 na Nm 700 ne, 8HP90 na 900. A dangin 722.6 na Mercedes akwai W5A330 da W5A580, kuma da ido kusan ba za ka bambanta su ba. Na farkon yana bayan ƙananan injuna, na biyun yana bayan V8. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ce shaida, ba bakin mai sayarwa ba. Haka A340E na Toyota: wanda ya fito daga bayan injin 2JZ mai turbo ya fi na marar turbo yawan faifai, duk da suna ɗaya ne.

Bwat ɗin CVT, wanda ba shi da giyoyi daban-daban, da na ƙananan motocin da ke jan gaba ba sa cikin wannan magana. A bar su inda suke.

Sayen bwat na filin tsere

Powerglide mai giya biyu da TH400 mai giya uku sun yi suna a tseren Amurka, kuma TH400, wanda GM ya fito da shi a 1964, da wuya a karya shi. Amma giyarsa ta ƙarshe 1.00 ce, ba shi da ta saukar da juyi. Ɗauki mota mai taya 245/45R18, kewayenta kusan mita 2.13, da pon ɗin baya (akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi) mai lamba 3.73. A gudun kilomita 120 cikin awa injin zai riƙa juyi kusan 3,500. Da 4L80E, wanda cikinsa daga TH400 aka ɗauko aka ƙara masa giya ta huɗu 0.75, juyin ya sauko kusan 2,600. Da 8HP70 mai 0.67 a giya ta takwas ya koma wajen 2,350. Wanda zai kama babban titin RN1 zuwa Tasawa da Damagaram, balle ya nufi Ƙonni da Dosso har Yamai, zai ga bambancin a kuɗin mai, a ƙarar inji, da allurar zafi.

Ka yi wannan lissafin kafin ka saya: gudu cikin mita a minti, a raba da kewayen taya, a ninka da lambar pon, a ninka da lambar giyar ƙarshe. Ka duba giyar farko ma. 4L60E ta GM tana farawa da 3.06 ta faɗa 1.63, rata ce mai faɗi da ke sa injin ya sauka daga inda ƙarfinsa yake. Bwat mai giya ta farko 4.71 irin 8HP70 kuwa ba ya buƙatar pon 4.10, in ka haɗa su, giyar farko za ta ƙare kafin ka tsallaka titi, taya na ta juyawa a banza. Pon 3.08 ko 3.23 ya ishe shi.

Kan 4L60E ɗin, tunda shi ne yakan zo manne da injunan LS (V8 na GM) na kwance: rauninsa sananne ne, kulocin giya ta uku da ta huɗu da kuma gwangwanin ƙarfen da ke riƙe haƙoran tsakiya. In injin ya haura Nm 500, ko dai a sake gina shi da kayan ƙarfi ko a koma 4L80E. Shi kuma ya fi girma da nauyi, sai an buɗa ramin mota, an sake gadon da yake zama a kai, an rage tsawon farfela, sandar da ke kai juyi daga bwat zuwa pon.

Konbata

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne aka fi ƙarancin tambaya. Konbata ita ke haɗa inji da bwat ta hanyar mai, kuma tana da iyakar juyin da take barin inji ya kai kafin ta kama sosai. Ta asali takan kama wajen 1,800 zuwa 2,000. Masu tsere suna sa ta 3,500 ko 4,000 don mota ta tashi da ƙarfinta duka. Matsalar ita ce duk juyin da ke ƙasa da wannan iyaka zamewa ce, zamewa kuwa zafi take haifarwa. Motar da ke rarrafe a cunkoson babbar kasuwa tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke, da konbatar 4,000, tana dafa manta ne kawai.

Ga motar titi mai V8 da aka ɗan ƙara wa ƙarfi, 2,200 zuwa 2,800 ya wadatar. Kuma lallai ta zama mai kulle, wadda ke da kulocin da ke manne inji da bwat kai tsaye idan an kama hanya. In ba ta da kulle, to juyin da kake tafiya da shi a babban titi ya zama sama da iyakar konbatar, in ba haka ba za ta yi ta zamewa daga nan har inda za ka. Injin da ke murɗa da yawa yana buƙatar kulle mai faifai biyu ko uku, domin mai faifai ɗaya zai fara karkarwa idan ka taka totur a giyar sama.

Wajen ɗaurawa ma ana kashe sabon bwat tun bai taka ƙasa ba. A zuba wa konbata kusan lita ɗaya na mai, a zura ta a bwat ana juyawa ana turawa har a ji ta faɗa sau biyu zuwa uku, ta ƙarshen ita ce shigarta cikin famfo. Bayan an haɗa bwat da inji, ta riƙa juyawa da hannu, kuma a sami rata ta milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifan inji kafin a jawo ta a ɗaure. Idan bakin bwat ya ƙi haɗuwa da inji, kada yaron gareji ya ja shi da ƙarfin noti. Konbata ce ba ta zauna ba, kuma ɗaurin zai fasa famfon.

Zafi

Man bwat ya fi son zama tsakanin digiri 80 da 95. Daga 120 zuwa sama yana lalacewa da sauri, robobi su bushe, faifai su yi santsi. Ɗan bututun da ke ratsa lagireto an yi shi ne don injin asali, ba zai iya da injin da aka ninka wa ƙarfi ba, musamman a bazararmu. A ƙara na'urar sanyaya mai ta daban, irin mai faranti-faranti, a gaban lagireto inda iska ke bugu. Mai ya fito daga bwat, ya bi ta lagireto, ya shiga sabuwar na'urar, sannan ya koma. Bututun kada ya gaza milimita 10, kuma na mai ne mai jure matsi, ba tiyon ruwa ba. In an ɓoye na'urar inda iska ba ta kai, a sa mata fankarta.

A sa agogon zafin mai a gaban direba. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi kaɗai zai gaya maka ka tsaya kafin wari ya gaya maka. A lokacin hunturu ƙura tana toshe ramukan na'urar, sai a riƙa hure ta da iska daga baya. A cikin rairayi kuma a riƙe giya ta ɗaya ko ta biyu da hannu. Barin ta a D yana sa konbata zamewa ba tsayawa.

Idan lagireton tsoho ne, a canza shi. Bututun cikinsa in ya huje, ruwa zai shiga mai, ya koma ruwan hoda kamar an zuba madara, kuma faifan kuloci da suka sha ruwa ba sa dawowa.

Mantawa da kwamfuta

4L60E, 4L80E, 722.6 da A340E duk lantarki ke sarrafa su. Suna buƙatar sanin yadda aka taka totur, juyin inji da gudun mota, don su san lokacin canza giya da kuma, a mafi yawansu, matsin man da za su ba kuloci. In an ɗora inji a motar da ba tasa ba, sai an sayi kwamfutar giya mai zaman kanta an saita ta. 8HP ya fi su duka buƙata, domin kwamfutarsa tana cikin bwat ɗin kuma tana jiran saƙonni daga motar da ya fito. Ba tare da na'urar da za ta maye gurbinsu ba, ba zai canza giya ba. Bwat ne mai kyau ƙwarai, amma ka fara samun wanda ya iya saita shi kafin ka biya kuɗinsa. Ko bayan an ƙara wa inji ƙarfi a motarsa ta asali, a ƙara matsin mai a rage tsawon lokacin canjin giya, domin canji mai laushi zamewar faifai ce.

Tsohon 700R4 na GM ba shi da kwamfuta, waya ce ke tafiya daga totur ta saita matsin. In ta yi sako-sako, kilomita kaɗan sun isa su ƙone shi.

Sayen na kwance ido rufe

Ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka kawo ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, ko a nan gari aka samu, a kwance farantin ƙasa kafin a yi ciniki. Ɗan laushin toka a jikin maganaɗisu ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko na tagulla, ko baƙaƙen gutsattsari, a mayar wa mai shi. A karɓo shi da konbatarsa da wayoyinsa. A 722.6 a duba mahaɗin waya mai ƙafa 13: yakan yi yoyo, mai ya bi waya har cikin kwamfuta, kuma farantin lantarkin da ke ciki yakan mutu, gara a canza su tun bwat yana ƙasa. Idan tsohon bwat ɗinka ƙonewa ya yi, a wanke bututu a canza na'urar sanyaya mai, don ɓarɓashin da ya maƙale zai koma cikin sabon.

Ka yi tunanin ranar gyara. Kayan Toyota da Mercedes sun fi na GM saurin samuwa a yankinmu, masu gyaransu ma sun fi yawa. In injinka bai wuce abin da W5A580 ke ɗauka ba, shi zan zaɓa a nan kafin bwat ɗin da sai an jira makonni kafin roba ɗaya ta iso.

Mai da sauran jiki

Jan launi ba ya nufin mai ɗaya ne. Dexron VI na GM ne, T-IV na A340E na baya-bayan nan, 236.14 na 722.6, Lifeguard 8 na 8HP. A saya a rufaffiyar galan, ba na awo a kwalba ba. Ana duba yawansa inji na aiki, mota a shimfiɗe: 722.6 a digiri 80 da sandar awo ta musamman, 8HP a wajen digiri 40 ta ramin gefe. Da zafinmu da ƙurarmu, a canza mai da filta duk kilomita 40,000.

Bwat mai ƙarfi yana tura wahalar gaba. A duba gicciyen farfela, a daidaita kusurwarta da ta pon kada bambancin ya wuce digiri ɗaya, a sa zoben ƙarfe da zai tare ta in ta tsinke. Sandunan tayoyin baya da robobin da ke riƙe pon su ma a canza su da waɗanda suka dace da sabon Nm ɗin kafin a fara gwajin hanya.